Duwatsun Ƙasar Kano a Matsayin Shaidun Tarihi

Mazaunin unguwar Koki ya saba da hangen Dutsen Dala, har yakan ɗauka cewa a nan kaɗai tarihin Kano ya faro. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa Dala ɗaya ne daga cikin jerin duwatsun da mutanen da suka zauna, kuma ba za a fahimce shi sosai ba sai an fita ƙauye an ga 'yan'uwansa.

Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya fara ne da Barbushe da bautar Tsumburbura, sa'an nan zuwan Bagauda, wanda ake lissafawa a 999. Amma ragowar narkar da tama da aka samu a Dala ta nuna ana aikin ƙarfe a wurin tun wajen ƙarni na 7. Watau ƙasa ta adana abin da rubutu bai riska ba.

Idan mai ziyara ya nufi kudu, wajen Dawakin Kudu, zai tarar da Santolo. Littafin ya nuna cewa gari ne mai ƙarfi da ya daɗe yana ja da Kano, sai a zamanin Sarki Yaji (1349-1385) aka ci shi, bayan zuwan Wangarawa. Ke nan Kano ta yi kishiyoyi kafin ta zama uwar ƙasa.

Can gaba kuma akwai Birnin Kudu, wadda ta koma Jihar Jigawa a 1991. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa akwai zanen shanu marasa tozo, waɗanda suka bambanta da shanun da ake kiwo a yankin yanzu. Akwai kuma duwatsu masu amo kamar ƙararrawa idan an buga su, waɗanda Bernard Fagg ya yi nazarinsu a shekarun 1950. Littafin Tarihin Kano bai ce kome ba game da masu wannan zane.

Abin lura shi ne, littafi ana iya sake buga shi, amma dutsen da aka fasa don gini ya tafi ke nan. Saboda haka ya wajaba malamai su riƙa kai ɗalibai waɗannan wurare, su auna, su zana, su kuma ɗauki bayanin dattawan da ke zaune kusa da su, domin gani ya kori ji.