Tarihin Kafuwar Ƙungiyar Agajin da Ta Je Fagen Yaƙi Ba Bindiga

A watan Agustan 1914, da Birtaniya ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, samarin wata ɗariƙar Kirista da ake kira Kwekas suka tsinci kansu a tsaka mai wuya. Aƙidarsu ta hana su ɗaukar makami, ga shi kuma tsararrakinsu na ta tururuwa zuwa bakin daga. Wani matashi mai suna Philip Baker, wanda daga baya aka fi sani da Noel-Baker, ya rubuta wasiƙa a jaridar ɗariƙar yana neman masu sa kai da za su je kwasar waɗanda aka raunata. A watan Satumba kimanin mutum 60 suka hallara a ƙauyen Jordans, inda aka koya musu ɗaurin rauni da ɗaukar majinyaci.

Ranar 31 ga Oktoba mutum 43 suka kama hanyar Dunkirk ta Faransa. Tun ba su taka tudu ba aiki ya same su, domin a teku suka tarar Jamusawa sun nutsar da jirgin yaƙin Hermes, suka shiga ceton mutanensa. Da suka sauka kuwa, sai ga dubban sojoji jina-jina kwance a rumfunan tashar jirgin ƙasa, babu mai kula da su. Daga nan ƙungiyar, wadda ta zauna da sunan Friends' Ambulance Unit, ta kama bunƙasa. Ta yaƙi zazzaɓin taifot a yankin Ypres na Beljiyam, ta riƙe asibitoci da jiragen ƙasa da na ruwa masu jigilar majinyata, ta kuma ba sojojin Faransa ayarin motocin asibiti.

Sai dai wanda ya tsaya a kan jarumtaka kawai bai karanta rabin labarin ba. Ɗariƙar kanta ba ta taɓa ɗaukar ƙungiyar a matsayin tata a hukumance ba. Wasu dattawanta na ganin wanda ya yi jinyar soja har ya warke ya koma daga, ai ya taya yaƙi, ko da bai taɓa kunamar bindiga ba. Magana ta ƙara zafi a 1916, da gwamnati ta kafa dokar shiga soja dole. Kotunan da ke sauraron masu ƙin yaƙi suka riƙa sallamar mutum bisa sharaɗin ya shiga ƙungiyar. Yawanta ya ƙaru, amma wasu tsofaffin hannu suka ga an mayar da sa kai tilas. Corder Catchpool, wanda ke cikin na farko-farko, ya ajiye aikin, ya koma gida, ya ƙi shiga soja, aka ɗaure shi. A ganina, nan ne tarihin ya fi nauyi: mutane ne masu aƙida guda, wani ya zaɓi sitiyarin mota, wani ya zaɓi kurkuku, kowanensu kuma yana da hujja.

Kafin a rufe ƙungiyar a 1919, fiye da mutum 1,000 sun yi mata aiki. Cikin direbobinta har da Lewis Fry Richardson, wanda a ɗan hutun da yake samu yake lissafin yadda za a yi hasashen yanayi da alƙaluma. Rubutun nasa ya ɓace a hargitsin yaƙi a 1917, sai bayan watanni aka tsince shi ƙarƙashin tulin kwal, ya fito littafi a 1922. Shi kuwa Noel-Baker ya samu lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya a 1959.

A watan Satumban 1939, da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, Paul Cadbury, ɗan gidan masu kamfanin cakulan, ya jagoranci farfaɗo da ƙungiyar, aka buɗe sansanin horo a Manor Farm da ke Birmingham. Wannan karon ta yi nisa, har Finlan da Girka da Siriya da Habasha da Indiya, da ƙasar Sin inda direbobinta suka yi ta safarar magunguna a munanan hanyoyi. Sama da mutum 1,300 suka shiga, 17 ba su dawo ba. An rufe ta a ƙarshen Yunin 1946, kodayake magadanta sun ci gaba da aiki har 1959.

Mai son bin sawun wannan tarihi, ɗakin karatun ɗariƙar da ke titin Euston a Landan ne zangonsa na farko. Can aka adana katin kowane ma'aikaci na yaƙin farko, da sunansa da wuraren da aka tura shi, da yawa har da hoto, an kuma ɗora su a intanet. Amma katin rajista ba ya faɗin abin da ke zuciya. Zai nuna ranar da mutum ya bar aiki, dalilin kuwa sau da yawa sai an tono wasiƙu da littattafan ajiyar sirri. In ka samu katin wanda ya fita a 1916, kada ka yi saurin wuce shi.