Kumfar Baki da Kwanon Abinci: Tsoron Ɗaukar Ciwo a Matsayin Tushen Ƙyamar Masu Farfaɗiya

Tsakure

Maƙalar tana ƙalubalantar ra'ayin da ke ɗora ƙyamar masu farfaɗiya gaba ɗaya a kan imani da shafar aljanu. Tana nuna cewa zaton ana ɗaukar ciwon ta yawu shi ne ya fi raba majiyyaci da jama'a, kuma shi ne ya fi jefa ransa cikin haɗari.

Gabatarwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 50 ke fama da farfaɗiya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, kuma har kashi 70 za su iya daina faɗuwa in sun sami maganin da ya dace. Ciwon yana tasowa ne daga hargitsewar saƙonnin lantarki a ƙwaƙwalwa. A wajenmu sau da yawa tabo ne ke jawo shi: na doguwar naƙuda, na zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, na sanƙarau, ko na buguwa a haɗarin babur. Sanƙarau yana yaɗuwa, amma tabon da ya bari ba ya tsallakawa zuwa wani.

Tun kimanin shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), littafin da ake jinginawa ga Hippocrates ya musanta cewa ciwon daga alloli yake. Yawancin masu rubutu kan ƙyama a ƙasar Hausa sun gaji wannan gardama yadda take: likita a gefe, iska a gefe, sai a kammala da cewa in an kawar da maganar aljanu ƙyama ta ƙare. Ban yarda da wannan ba. Ibnul Ƙayyim a Zadul Ma'ad ya kasa farfaɗiya gida biyu, ta ruhi da ta jiki, ya bar wa likitoci ta biyun. Hadisin matar nan mai farfaɗiya da ta kai kukanta ga Manzon Allah (SAW), wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, bushara ce da Aljanna ga mai haƙuri, babu umarnin a guje ta. To, daga ina gudun ya samo asali?

Hanyar Bincike

An tattauna baki da baki da majiyyata da masu jinyarsu a ɗakin shan magani na wani asibitin gari, da wasu malamai masu ruƙiyya. Tambaya guda aka fi nanatawa: lokacin da ya faɗi, wa ya matso, wa ya ja da baya?

Sakamako

Wanda ya ɗauka iska ce, matsowa yake yi. Zai riƙe kan mara lafiya, ya tofa masa addu'a, ya nemo malami. Laifin wannan fahimta shi ne jinkiri: shekaru kan wuce ana rubutu da hayaƙi kafin a zo asibiti. Wannan babbar asara ce, amma majiyyaci yana nan cikin mutane.

Wanda ya ɗauka ciwon yana cikin kumfar baki, shi ne ke gudu. Wata matashiya da na gani da ƙuna tun daga gwiwar hannu har wuya ta faɗi ne a bakin murhu tana tuƙa tuwo. Matan gidan suna tsakar gida, suna salati, ba wadda ta janye ta sai da mijinta ya shigo. Na tambayi surukarta: "Inna, me ya hana ku ɗaga ta?" Ta ce, "Ɗan nan, kumfa ce fa har ƙasa, ga jikoki a hannunmu." Ba mugunta a muryarta. Tsoro ne na gaske, an gina shi a kan abin da babu shi. Bayan ta warke aka ware mata kwano da moɗa, aka hana yara cin ragowarta.

Wannan zato shi ne ke bayyana abubuwan da maganar aljanu ba ta bayyanawa: zuba toka a inda kumfa ta ɗiga, matsar da yaro zuwa ƙarshen aji, fasa baiko da zarar magana ta fita, da ɓoye ciwon da iyaye ke yi har a kai 'yarsu ɗakin miji ba tare da ƙwayoyinta ba. Na ƙarshen ya fi tayar mini da hankali, domin yanke magani rana tsaka na iya jawo jijjiga mai tsawo da kan yi kisa.

Ko masu ƙarfin halin matsowa sukan cusa cokali a baki don kada a haɗiye harshe, abin da ba ya yiwuwa. Haƙori kawai ake karyawa. Abin da ake bukata shi ne a janye mutum daga wuta ko ruwa, a tallafe kansa, a kwantar da shi ta gefe, in jijjigar ta haura minti 5 a nufi asibiti. Duk wannan sai da taɓawa. Saboda haka faɗakarwar da ta tsaya jayayya da malamai, ba ta ce wa mutane ƙarara yawu ba ya ɗauke da ciwon ba, ta bar hannun taimako a naɗe. Malaman da na zanta da su ba su ƙi a sha ƙwaya tare da addu'a ba.

Iyakar Binciken

Dole a amsa cewa waɗanda suka iso asibiti kaɗai aka ji, kuma wasu matan sun yi magana a gaban dangin miji. Fahimtocin biyu kuma sukan haɗu a zuciya ɗaya, raba su ba ya zuwa da sauƙi. Amma waɗanda ba a ji ba su ne aka kulle a ɗaki, kuma da wuya labarinsu ya sassauta abin da aka samu a nan.