Kakanka daga ina ya zo?

Jama'ar Agye, Gazawa da Gidan Rumji! Yau ga tambaya: wa zai iya lissafo kakanninsa har biyar?

A Faransa, tun 1539 doka ta wajabta wa coci rubuta sunan duk jaririn da aka yi wa baftisma, shi ya sa Bafaranshe ke binciko asalinsa cikin rajista. Mu kuwa takardar haihuwa baƙuwa ce, rajistarmu tana bakin tsofaffi.

In tsoho ya ce "mun taso daga Katsina", yawanci zancen 1807 ne, lokacin da birnin ya faɗa hannun masu jihadi, har Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819. In ya ce Gobir, ku tuna yaƙin Gawakuke na 1836, wanda bayansa Gobirawa suka kafa Tsibiri. Shekarun haihuwa ma da abin da ya faru ake auna su: yunwar Kakalaba wajen 1914, ambaliyar Maraɗi 1945, El Buhari 1984.

Ku tambayi zanen fuskar gidanku, da kirarinku, da wanda ya sari dajin gonarku. Ranar rabon gado ko rikicin iyakar gona, wannan sanin ne shaida. Ku ji bakin mutum biyu ko uku, tsofaffin mata musamman, don sun fi riƙe dangantakar aure.

Wayar tana hannunku. Ku je ku gaida Kaka, ku ɗauki muryarta tun tana iya ba da labari.

Allah ya jiƙan magabata.