EVE Online

EVE Online wasan kwamfuta ne da ake bugawa ta intanet, inda dubban mutane ke haɗuwa a lokaci guda, kowa na tuƙa jirginsa a wata duniyar ƙage ta sararin samaniya mai suna New Eden. Kamfanin CCP Games, wanda aka kafa a 1997 a Rekiyabik, babban birnin ƙasar Aisilan, shi ya fitar da wasan a watan Mayun 2003. A 2018 kamfanin Pearl Abyss na Koriya ta Kudu ya saye CCP. Duniyar wasan ta ƙunshi rukunonin taurari sama da 7,000.

Abin da ya bambanta shi da takwarorinsa ya faro ne daga tsarin gininsa. Yawancin wasannin irinsa, har da World of Warcraft da ya fito a 2004, sukan raba 'yan wasa a kwafe-kwafe da yawa na duniya ɗaya, ta yadda mutum biyu za su shekara suna wasa ba su taɓa haɗuwa ba. A EVE kuwa, in ban da ƙasar Sin da aka ware wa nata, kowa na cikin duniya guda, a kan rukunin kwamfutoci da ake kira Tranquility. Wanda ya ci amana a nan, sunansa zai bi shi ko'ina, domin ba wata duniyar da zai gudu ya koma.

Na biyu shi ne asara. Idan aka harbe jirgin mutum, ya tafi ke nan. Sai ya nemi kuɗin sayen wani. Kusan dukan jiragen da ke yawo a wasan 'yan wasa ne suka ƙera su: wani ya haƙo ma'adini daga duwatsun sama, wani ya tace, wani ya harhaɗa, wani kuma ya ɗauki kasadar safarar kayan zuwa babbar kasuwar Jita, yana sane da cewa 'yan fashi na jira a mashigai. Farashi yana hawa yana sauka da kuɗin wasan, ISK, gwargwadon yaƙi da zaman lafiya. Kasuwar ta yi girman da a 2007 kamfanin ya ɗauki masanin tattalin arziki, Eyjólfur Guðmundsson, aikin sa ido a kanta da fitar da rahotanni. Damfara, leƙen asiri da yi wa ƙungiya zagon ƙasa duk dokar wasan ba ta hana su ba, muddin a cikin wasan aka yi.

Yaƙin B-R5RB ya nuna inda wannan tsari ke kaiwa. A ranar 27 ga Janairun 2014 aka gaza biyan kuɗin riƙe yankin B-R5RB, ikon masu shi ya faɗi, abokan gabarsu suka far musu. An shafe kimanin awa 21 ana gwabzawa, 'yan wasa fiye da 7,500 suka shiga, aka ragargaza manyan jiragen Titan guda 75, alhali ƙera guda ɗaya kan ci makonni da dukiyar ƙungiya guda. An ƙiyasta asarar da kusan dala 300,000. Ana iya yin wannan lissafi ne saboda PLEX, wani kati da ake saya da kuɗin gaske a sayar da shi da ISK. Babu marubucin da ya tsara wannan yaƙi, kuma nan ne ainihin sabon abin da wasan ya kawo: tarihinsa 'yan wasa ne ke yin sa, kamfanin yana biye. Daga baya CCP ya bar tarkacen jiragen a wurin don tunawa.

Don ɗaukar nauyin irin wannan cunkoso, kamfanin ya ɓullo da dabarar rage gudun lokaci a fagen daga, har zuwa kashi 10 cikin 100, ta yadda umarnin kowa zai isa bi da bi. Tun 2008 kuma 'yan wasa ke zaɓen majalisar wakilai, Council of Stellar Management, da ke kai ƙorafinsu ga kamfanin. A 2016 aka fara Project Discovery, inda 'yan wasa suka taya masana tantance hotunan ƙwayoyin halittar ɗan Adam, daga baya suka shiga neman duniyoyi a kewayen wasu taurari.

Wasan yana da nauyi ga sabon shiga, kuma wannan aibi ne na gaske. Fuskar kwamfuta cike take da jadawali da lambobi, ƙwarewar matuƙi tana ƙaruwa ne da tafiyar agogo ko yana wasa ko ba ya yi, don haka wasu jiragen sai bayan watanni ake iya hawansu. Da yawa sukan bari tun a makonnin farko. Waɗanda suka daɗe galibi su ne suka shiga ƙungiya da wuri, suka sami wanda ya koya musu, ya kuma ba su ƙaramin jirgi da aikin yi a rundunar ƙungiyar. Tun Nuwamban 2016 ana iya shiga kyauta, da iyakance jirage da ƙwarewa, sai wanda ya so faɗaɗawa ya biya kuɗin wata.