Yoyon Man Sitiyari da Tarihin Kanikanci a Hanyar Sokode

A garejin kanikawan da ke jere bakin kwalta daga Sotouboua zuwa Sokode har Dapaong, ba a rasa tsohuwar mota mai yoyon man sitiyari. Masu kallo daga nesa kan ɗauki yadda ake lallaɓa wannan yoyo, a datse bakin tiyo a sake ɗaurewa maimakon a sayo sabon tanki, a matsayin ƙarancin sani ko son banza. A ganina tarihin hanyar ne ya haifi wannan salon aiki, kuma wanda bai san shi ba zai zalunci bakanike.

Tun kafin Jamusawa su kafa ikonsu a gaɓar Togo a 1884, fataken Hausa masu zuwa Gwanja sayen goro suna yada zango a wannan yanki, kuma a kan fataucin nan unguwar Didaure ta Sokode ta bunƙasa. Da aka zo shimfiɗa layin dogo, Jamusawa sun kai shi Atakpame, Faransawa suka ƙarasa da shi Blitta a shekarun 1930, nan ya tsaya, kudu da Sotouboua. Ke nan duk kayan da za su wuce arewa, gishiri ne ko siminti, sai a bayan mota. Mota ta zama dole, kantin kayan gyara kuwa yana can Lome, tafiyar ɗaruruwan kilomita. Ala tilas aka sami mutanen da za su tayar da ita da abin da ke hannu, oga da yaransa, yaro ya shekara da shekaru yana miƙa sufana kafin a yaye shi.

Shi yoyon man sitiyari daga baya ya shigo garejin. Kamfanin Chrysler na Amurka ya fara sayar da ƙaramar mota mai sitiyarin da ke aiki da mai a 1951, amma yawancin Fijo 404 da 504 da suka yi tashe a hanyoyinmu ƙarfin damtse ne ke juya su. Abu biyu suka sauya lamarin: tashar jiragen ruwa ta Lome da aka buɗe a 1968, da karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994. Sabuwar mota ta gagari mai matsakaicin hali, motocin gwanjo daga Turai suka cika hanya, kowace da famfo da tiyo da tankin roba da suka riga suka sha shekaru. Zafin inji ya haɗu da ranar bazara ta Dapaong, roba ta bushe ta yi tauri, ta fara tsagewa a wuyan tanki. Gogaggen bakanike ba ya gaggawa. Sai ya wanke wurin tas, ya tayar da inji, yaro ya riƙa murza sitiyari daga wannan ƙarshe zuwa wancan, shi kuma ya zuba ido ya ga inda danshi zai fara fitowa. Sau da yawa tankin lafiyarsa lau, tiyon da ke mayar da mai ne bakinsa ya ƙeƙashe, ko zoben roba ya mutu. Wannan tiyo ba ya ɗauke da matsi mai yawa, don haka datse bakinsa a sake ɗaure shi gyara ne na gaskiya. Wanda ya fito daga famfo ne ba ya karɓar ɗauri, sai canji.

Za a ce ai wannan wasa da rai ne, kuma maganar tana da ƙamshin gaskiya. Tankin da aka liƙe da gam ko aka narke da ƙarfe mai zafi ba ya jimawa, man da ke ɗiga a kan salansa yana iya kama wuta, sitiyarin da ya yi nauyi kwatsam a gangaren Aledjo kuwa sai addu'a. Akwai kuma masu zuba man birki, wanda ke cinye robobin ciki, ko su ɗura jan mai a motar Jamus da ke son kore. Sai dai duk waɗannan aikin ɗan koyo ne da ya buɗe gareji bai nuna ba. Wanda ya san aiki, in tanki ya tsage, na wata motar da ta mutu yake nemowa.

Hujja ta biyu ta masu suka ta fi ƙarfi: kuɗin man da ake ƙarawa kullum zai wuce kuɗin tanki, kuma ranar da famfo ya fara kuka, mai ya yi kumfa, asara ta ninku. Lissafin daidai ne, amma direban haya kullum yake samun kuɗinsa, yinin da mota ta yi a tsaye tana jiran kaya daga Lome kuwa tukunyar gidansa ce ba a ɗora ba. Mai mota ne ke yanke wannan shawara, ba bakanike ba.

Tun da Suzuki ta fito da sitiyarin lantarki a 1988 kamfanoni suke ta komawa gare shi, kuma motocin gwanjon da ake saukewa a Lome yanzu da yawansu ba su da tankin ma. Yaron da aka kai koyo Sotouboua a bana zai buƙaci na'urar binciken kwamfuta, wadda ba kowane oga ne ke da halin saye ba.