Idan Hannu Ma Ya Gaza

Kudu da Ƙofar Ɗan Agundi, a wajen ganuwa, akwai unguwar Tudun Maliki, inda aka buɗe makarantar kurame a 1977. Tun kafin wannan makaranta kuramen Kano suna da harshensu, maganar hannu, suna kuma da Sarkin Bebaye. Wato birnin ya daɗe da sanin cewa rashin murya ba rashin hankali ba ne.

Sai dai maganar hannu tana bukatar hannu. Ina labarin wanda shanyewar jiki ta ɗauke masa harshe da yatsu gaba ɗaya? Fiƙihu ya tuna da shi, ya ce ya yi salla da ishara, ko da da ido ne. Wajen zance da mutane kuwa, sai dai 'yan uwa su yi ta cankar abin da yake nufi.

A Ingila, wajajen 1960, a asibitin Stoke Mandeville, aka haɗa wa irin waɗannan majinyata keken rubutu da ake sarrafawa da zuƙa da busa. Stephen Hawking ya rasa muryarsa a 1985 bayan tiyatar maƙogwaro. Kwamfuta ta zama bakinsa, da farko yana latsa maɓalli da hannu, da hannun ya mutu ya koma motsa kumatu. Jean-Dominique Bauby na Faransa ko na'ura bai samu ba: ana karanto masa haruffa, yana ƙifta idon hagu a kan wanda yake so, har littafi ya kammala, ya fito a 1997.

A yau wayar da ke aljihu tana iya mai da rubutu murya, amma Bahaushe yana da tasa matsalar, kuma a ganina ta fi tsadar na'ura wuyar magani. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Mai lafiya yana karanta "gari" ya gane daga zancen ko birni ake nufi ko na tuwo. "Fari" kuwa launi ne, ko rashin ruwan sama, ko farko. Na'ura sai an ciyar da ita muryoyin Hausawa masu yawa kafin ta rarrabe, irin waɗanda shirin Common Voice na Mozilla yake tarawa daga masu sa kai. Idan ta kuskure, mai ƙifta ido harafi bayan harafi shi zai koma ya sake jimlar daga tushe.