Gashin Alfaka: Daga Tsaunukan Peru Zuwa Masaƙar Ingila

A shekarar 1836 wani mai masaƙa daga Bradford, Titus Salt, ya tarar da dilolin gashin alfaka jibge a wani sito a Liverpool, an rasa mai saye. Alfaka dangin raƙumi ce, marar tozo, wadda makiyayan tsaunukan Andes ke yi wa sausaya tun kafin daular Inka. Gashin ya gagari masaƙan Ingila, amma Salt ya yi ta gwaji har ya dace: auduga ta zama zaren tsaye, alfaka kuma abawa. Yadin ya fito yana sheƙi kamar siliki. A 1853 ya buɗe katafariyar masaƙa a bakin kogin Aire, ya gina wa ma'aikata gari sukutum, Saltaire.

A Peru kuwa, da gashin ya yi daraja, 'yan kasuwar Arequipa suka kame fataucinsa, masu manyan gonaki suka riƙa ƙwace filayen kiwon 'yan asalin ƙasa a yankin Puno. Makiyaya da dama sun wayi gari barori a ƙasar kakanninsu. A 1915 suka yi bore ƙarƙashin Rumi Maqui, aka murƙushe su.